Ruwan Jego a Hawa na Biyar

Kwana shida da haihuwa Radiyya ta gane ba jego ne ke sa ta jiri ba.

Suna haya ne a hawa na biyar na wani tsohon bene a bayan kasuwar tufafi ta Shisanhang, inda mijinta Sharfaddeen ke saro riguna yana aikawa Kano. A banɗakin akwai hitar gas mai dafa ruwa maƙale a bango, ba ta da bututun fitar da hayaƙi, taga ce kaɗai mafitarsa. Shekara biyu suna wanka taga a buɗe, ba abin da ya same su.

Sai Inna Jumai, yayar mahaifiyarta, ta zo daga Kano don yi mata wankan jego. Watan Janairu ne, sanyi mai laima yana ratsa bango. Inna ta san aikinta: ruwa mai zafin gaske safe da yamma har kwana arba'in, kuma iska ba ta taɓa mai jego. A gida a tsakar gida ake dafa ruwan, hayaƙi ya yi sama abinsa. A nan kuwa ta rufe taga, ta cusa tsummoki a kowace kafa, ta bar hita tana ci har robobi uku su cika. Ƙofar ɗakin da jaririya Najiba ke kwance ta bar ta a buɗe, don ɗumin ya kai mata.

Ranar ta shidan Radiyya ta fito wanka kai na sara mata, ta tarar da yarinyar cikin barcin da ba ta saba ba, sai da aka jijjiga ta kafin ta kama nono. Ta buɗe tagogi duka, ta rufe kan gas. Likita ya duba su, ya ce sun auna arziki, kada a sake kunna hitar nan.

Inna ta ce jiri ai na jego ne, ita ma sau bakwai ta yi shi. Mai jegon da ba ta gasu ba sanyi ke shigarta, ta tsufa da ciwon baya.

"Inna, wankan ban ƙi ba. Amma ba da wannan ba."

"To da me, 'yar nan? Da butar shayi?"

Da butar lantarki aka yi kwana biyu. In an jona guda biyu wutar gidan ta ɗauke.

Mas'uda, matar wani ɗan Maraɗi da ke zaune a wani sabon gini, ita ta ba Radiyya labarin hitar iska. Kamar injin sanyaya ɗaki ne da aka juya, yana zuƙo ɗumin iskar waje ya zuba shi cikin tankin ruwa. Ba harshen wuta, ba hayaƙi. Tana da tsada, amma hukuma na rage wani kaso ga wanda ya miƙa tsohuwar hitarsa. Sharfaddeen ya je shago, mai shagon ya juya fasfonsa ya ce "mei yo", babu. Ragin sai da sunan mai gida.

Mai gidan, Madam Leung, tsohuwa ce da ke zaune a ƙasa. Ta ce ba mai huda bangon da ubanta ya bar mata. Radiyya ba ta yi musu ba. Ta rubuta a waya, wayar ta fassara, ta roƙe ta ta hau ta gani. Tsohuwar ta hau tana hutawa a kowane hawa. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne mace mai kwana takwas da haihuwa tana wanka sau biyu a rana, don a zamaninta sai a yi wata ba a taɓa ruwa ba, in ba wanda aka dafa da ɓawon citta ba. Da aka fassara wa Inna, ta ce Allah ya sawwaƙe. Kowace ta dubi 'yar'uwarta da tausayi. Amma Madam Leung ta daɗe tana kallon baƙin hayaƙin da ke saman hitar, da tsummokin taga, sannan ta dubi Najiba. Ta ce a kira mai gyara.

Mai gyaran ya ƙwanƙwasa daɓen baranda ya girgiza kai, ba zai ɗauki babban tanki ba. Wayoyin wutar gidan ma sun tsufa, sai an jawo sabuwa daga mita. Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin tanki a lungun kicin, jikin ginshiƙi. Ya ƙara da cewa ruwan ba zai kai tafasa ba, kuma a irin wannan sanyi in ya ƙare sai an jira sa'o'i.

Inna ta ce wannan ai ruwan alwala ne. A bar tsohuwar hita don wankan safe kawai, za ta ɗan buɗe tagar. Sharfaddeen ya sunkuyar da kai, ba ya son ja da suruka, ya ce ko a haƙura da ragin, shi zai biya duka a bar biyun. Radiyya ta san Inna. Safiyar farko da iska ta kaɗa, tsummokin nan za su koma.

"A cire ta," in ji Radiyya. "Yau."

"Ke kam kin fi uwarki taurin kai."

"Ita ta ce in bi ki a kan wanka, Inna, kuma zan bi. Roba biyu maimakon uku. Ki ƙara buta ɗaya a kai."

Madam Leung ta ba da katin shaidarta, Sharfaddeen ya ɗauki nauyin ragowar kuɗin da na sabuwar wayar wuta. Ma'aikata suka sauka da tsohuwar hitar a kafaɗa, Inna na bin ta da ido har ƙasan matakala.

Ran kwana sha ɗaya da haihuwa da safe fankar injin na juyawa a waje. Madam Leung ta aiko da leda cike da busasshen ɓawon citta. Inna ta shinshina, ta zuba shi a buta, tunda dai ba darbejiya a garin. Ta tsoma gwiwar hannu a roba, ta taɓe baki. Sannan ta rufe taga, ta cusa tsummokinta ɗaya bayan ɗaya, Radiyya na zaune tana kallo ba ta hana ba. A ɗaki Najiba ta farka tana tsala kuka.