Robar Kashim da Kwanon Hajja

Kashim ya haura arba'in bai taɓa buɗe baki ya yi dariya a hoto ba. Haƙoransa na gaba ne suka hana shi. Biyu na sama sun hau juna, ɗaya ya leƙo waje, na ƙasa kuwa kowanne ya kama gabansa. Abokansa na layin masu sayar da kayan tirela a Potiskum, waɗanda ba su da aiki sai tsokana in ciniki ya yi sanyi, sukan ce bakin nan nasa sai ka ce garejin da direbobi suka yi fakin cikin fushi. Shi ma yakan taya su dariya, hannu a baki. Ba wanda ya san abin yana ci masa rai, don wa zai kawo cewa magidanci mai shago da 'ya'ya uku yana kwana da tunanin haƙori?

A waya ya ga maganin. Wata 'yar roba ce garai-garai da ake ƙerawa daidai bakin mutum, ya kifa ta a kan haƙora, ta riƙa tura su a hankali har su hau layi. Ba ƙarfe, ba waya irin ta 'yan makaranta, in ba an ƙura ido ba ma ba a ganinta. Wannan na ƙarshen shi ya ja Kashim. Da ya je Kano sarin kaya sai ya saci jiki ya shiga wurin wani likitan haƙori, yana waige-waige kamar wanda ya zo sayar da kayan sata. Aka auna bakinsa da na'ura, da ya sake komawa aka ba shi jerin robobi, in wannan ta gama aikinta a sa ta gaba. Likita ya ja masa kunne: dare da rana tana baki, ba a cirewa sai za a ci abinci ko a wanke baki, kuma in tana ciki ruwa kawai aka yarda ya sha.

Matarsa Fanne kaɗai ya nuna wa. Ta juya robar a tafin hannunta, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata.

"Abban Khairat, da girmanka?"

Da ta ga yadda fuskarsa ta canja ta haɗiye sauran dariyar, ta ce ai ba laifi ba ne, gyara ne. Amma magana ta riga ta fita. Nan take ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da 'yar uwarta ce.

Sa robar ba wuya. Cirewar ce abin kunya. Sai mutum ya wangale baki, ya zura yatsa har ƙurya, ya sa farce ya ɓanɓaro ta wannan gefe da wancan, ta yi ƙara ɓas, ta fito miyau yana bin ta kamar yauƙin kuɓewa. A shago ya samo dabara, yakan rufe ƙofa da azahar ya ci abincinsa a bayan tulin tayoyi. A gida yakan shige banɗaki. Da duniyar ta tsaya a shago da gida, da Kashim ya gama gyaran haƙoransa ba wanda ya ji labari.

To amma akwai Juma'a.

Hajja Meram yayar mahaifinsa ce, ita ta ɗauke shi tun yana rarrafe da mahaifiyarsa ta rasu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ne ɗan. Tun da ya yi aure ya bar gidanta na unguwar Yindiski, duk Juma'a daga masallaci can yake wucewa tare da mijinta Baba Gana. A zaure ake shimfiɗa tabarma, maƙwabta biyu ko uku su zauna, a fito da burabusko da miyar kuka a babban kwano, kowa ya sa hannu. Duk tsufanta ba ta yarda wani ya ɗora tukunyar nan ba. Kuma zaman ba na gaggawa ba ne. In an ci abinci goro zai zagayo, a bayansa shayi, can kuma a aiko da fura, hira ta miƙe har a kira la'asar, wani lokacin ma a zarce.

Juma'ar farko Kashim ya yi wayo. Ya cire robar tun a gida ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, don yana tsoron ɗan akwatin ajiye ta ya yi tudu a tambaye shi mene ne. Ya ci ya ƙoshi. Da aka wanke hannu ya manta shaf, ya zaro hankicin zai goge baki, roba ta faɗo kan tabarma tsakaninsa da wani maƙwabci. Kafin kowa ya duba ya ɗora dunduniya a kai. Ya ji ta yi ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa. Haka ya zauna ƙafa a miƙe har aka tashi, gumi yana bin bayansa, Baba Gana yana tambayarsa ko sanyin ƙashi ne ya fara kama shi tun yanzu.

Dole ya sake komawa Kano. Likitan, wanda a haife bai kai ƙaninsa ba, ya yi masa faɗa kamar ɗan firamare, ya ce in zai riƙa ajiye ta rabin yini gara ya haƙura da aikin gaba ɗaya. Kashim ya dawo da shawara ɗaya a ransa: ba zai ƙara cire ta a waje ba, kuma ba zai cire ta a gaban mutane ba. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya rage ba in an cire waɗannan biyun.

Juma'ar da ta biyo ya ce cikinsa ne ya ɓaci. Hajja ta aiko da jiƙo daga cikin gida, ya karɓa ya ajiye a gefe har ya huce. Ta gaba ya ce ya ci a gida, maganar da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure, har wani maƙwabci ya ɗago kai daga kwano ya dube shi. Goro ma in an miƙo sai ya jefa a aljihu. Da dabaru suka ƙare, wata Juma'ar ya ce azumi yake.

Baba Gana ya tsaya da loma a hannu. "Juma'a ita kaɗai? Jiya ka yi ne?"

Jiya kuwa tsohon ya biyo ta shago ya same shi da ledar ruwa a baki.

"Gobe zan haɗa, Baba."

"To, Allah ya karɓa," in ji Baba Gana, ya ci gaba da cin abincinsa.

Wannan addu'ar ta fi zagi zafi a wurin Kashim, don da safen nan ƙosai da koko ya karya da su. Ƙarya da ciki daban, ƙarya da ibada daban. Ya zauna yana kallon tabarma, yana jin kamar kowa na ganin ƙosan a cikinsa. Washegari ya tashi da azumi na gaske, ko zai rage nauyin, bai kuwa ragu ba.

In ya shiga gaida Hajja takan amsa, ta tambayi Fanne da yara, ta dube shi ta daɗe. Ran nan ta ba wani direba maƙwabcinsu dambu ya kai masa shago. Aka yi rashin sa'a shagon cike yake da masu ciniki, Kashim ya rasa yadda zai yi, ya miƙa wa 'yan layi suka cinye tas. Direban, bawan Allah, da ya mai da kwano ya yaba dambun, ya ce kowa ya ci ya yi santi, mai shagon ne kawai bai taɓa ba.

Fanne ce ta kawo masa labarin inda abin ya kai. Ta dawo daga wani suna ta same shi a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba.

"Abban Khairat, Hajja ta ja ni gefe yau. Cewa ta yi wai wane malami kake zuwa wurinsa, me ya gaya maka a kanta."

"Malami kuma?"

"Kai ma ka san abin da take nufi. Mutum ya daina cin abincin gida, ya ƙi shayinsu, ya ƙi goronsu, me za a ce? Tana ganin an ce maka tana zuba maka wani abu. Wallahi idonta ya kawo ruwa. Ni kuma na tsaya kamar gunki saboda rantsuwar da ka sa ni. Ko ka gaya mata, ko ka sauke min ita."

Ya ce zai gaya mata. Ya kuma yi niyya, Allah ya sani. Amma duk sanda ya hango kansa yana buɗe baki a gaban Hajja yana cewa roba ya sa don haƙoransa su yi kyau, sai ya ji muryar Fanne ta ranar farko. Ya riƙa lallashin kansa cewa aikin ya yi nisa, na saman har sun fara sakin juna, in an gama zai ci kwano biyu a zama ɗaya komai ya wuce. Juma'a ta zo ya ƙirƙiri tafiya garin Gadaka kai wa wani kaya. Wadda ta biyo ba shi da inda zai gudu.

Suna isa ƙofar gida Baba Gana ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Shiga ciki, uwarka na kira."

Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin darbejiya. Ta yi wanka ta sa lafaya mai kyau kamar mai jiran baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta nuna masa wuri ya zauna. Ta jawo ƙaramin kwano ta buɗe, burabusko ne yana tururi, ta zuba miya, ta tsiyaya ruwa a kofi. Kashim ya fara haɗa wata ƙaryar a ransa.

Ba ta ce ya ci ba. Hannunta ta wanke, ta yi bisimilla, ta ɗebi loma daga gefen da ke gabansa ta kai baki. Ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta haɗiye. Ta ɗebo daga tsakiya, ta ɗebo daga ɗaya gefen. Sannan ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta ajiye a gabansa, ta buɗe tafin hannunta biyu ta nuna masa.

"Ka gani, na ci. Mu jira kaɗan. In ban faɗi ba sai ka ci."

Kashim ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matar da ta tauna abinci ta sa masa a baki lokacin ba shi da haƙori ko ɗaya, yau ita ce take ɗanɗana girkinta a gabansa don ya yarda ba za ta kashe shi ba.

"Hajja, don Allah..."

"Ban tambaye ka wa ya faɗa maka ba. Ba na son sani."

Sai ya wangale baki a gabanta, ya zura yatsa, ya sa farce. Robar sama ta fito ɓas, miyau ya biyo ta ya sauka a kan rigarsa ta Juma'a. Ya ciro ta ƙasa. Ya riƙe su a tafin hannu, kansa a sunkuye, ya yi bayani a daddatse: likita, Kano, gyaran haƙori, ba a ci da ita, kunyar cirewa yake ji.

Ya jira dariya. Da ta yi dariyar ma da ya ji sauƙi.

Hajja ta sunkuyo ta dubi abin da ke hannunsa, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Hajja."

"Ba wanda ya ce maka komai a kaina?"

"Wallahi babu. Ko a mafarki."

Ta koma ta jingina da bango. Ta sa gefen lafaya ta goge ido, amma fuskar ba ta saki ba.

"Na daina barci, Kashim. Na bi duk abin da na taɓa yi maka tun kana goye, ina neman inda na kuskure. Har Baba Gana na tambaya ko na taɓa yi maka abin da uwa ba ta yi." Ta sake duban robobin. "Ashe miyau ne. Miyaunka kake ɓoye min. Haƙoran nan da kake gyarawa, na farinsu ni na ɗaura wa zare na cire, kana ihu kana tofa min jini a zane."

"Ki yafe min."

"Na yafe. Me ka yi da ba za a yafe ba?" Ta ɗauki murfin kwanon ta kifar da shi ta miƙo masa. "Sa a nan, kar ƙasa ta taɓa."

Ya ajiye robobin a kan murfin. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ya yunƙura zai kama ta, ta ɗaga masa hannu.

"Da na ɗauka tsorona kake ji, na ce ɗana ne, ruɗa shi aka yi, zai dawo. Kunya kuwa baƙo ake ji wa. Ban san yaushe na zama baƙuwa ba." Ta ɗaga labule. "Ci abincinka, yana hucewa."

Ta shige ɗaki, labulen ya sauka. Daga zaure yana jiyo hirar su Baba Gana da ƙarar kofunan shayi. Kashim ya jawo kwanon, ya sa hannu a gurbin da yatsunta suka bari, ya fara ci shi kaɗai.