Dutsen Kaushi Daga Hainan

Tun Madam Lin tana da ɗan shago kamar akurki a kasuwar Zhanxi Hajiya Lauratu take sarin takalma a wurinta. Ita ta kamo hannun Balkissa 'yar Maraɗi ta kai ta shagon, lokacin ko gaisuwar Sinawa yarinyar ba ta iya ba. Amma bana da Madam Lin ta tashi kai manyan masu sarinta yawon tsibirin Hainan, Balkissa aka ɗauka.

Balkissa ta dawo ta cika masauki da surutu.

"Inna, kin ga ramin da wuta ta taɓa fitowa? Ƙato ne, yanzu duk itatuwa sun rufe shi. Da matakala ake hawa. Gidajen ƙauyen ma da baƙin dutsen aka gina su."

Ta tura wa Lauratu waya har hanci. Ga ta nan a bakin ramin, ita da Madam Lin, kowacce riƙe da kwakwa. Sannan ta miƙo tsaraba, wani baƙin dutse mai huji-huji da ta saya a bakin ƙofa.

"Yana cin kaushi, Inna."

"Wato ƙafata kika gani ko?"

Lauratu ta yafa mayafi, ba ta zame ko'ina ba sai shagon. Ta dangwarar da dutsen a kan teburi.

"Lawban mai shago, me na yi miki? Wa ya riga wani zuwa nan, ni ko 'yar da na goya?"

Madam Lin ta tsinci Hausa a bakin 'yan kasuwa. Ta zaro ido.

"Mama, ke na fara tambaya. Kin ce a'a."

"Sau nawa kika tambaya? Sau ɗaya! A garinmu wa yake amsa tayin farko sai mayunwaci? Ana cewa a'a, a sake, a roƙa, har a ja hannunka!"

Madam Lin ta jawo buta. Ta zuba mata shayi, ta miƙa da hannu biyu.

"To Mama, baɗi za ki je?"

Lauratu ta gyara zama, ta kau da kai.

"Haba, kada ki wahalar da kanki."

Madam Lin ta buɗe baki za ta ce to. Lauratu ta yi wuf ta damƙe mata hannu.

"Ke! Sake tambaya!"

Da za ta fita ta ɗauke dutsenta ta jefa a jaka. Tsibirin da ake hawan matakala, ai ba a je shi da kaushi ba.