Inda Wagdi Ya Soka Jan Kati

Wagdi ya haura shekara hamsin, kuma tun gashinsa na baƙi yake raba karta a gidan cacar wani otal da ke bakin kogin Nilu. Bai taɓa zuba ko sisi a tebur ba. Ko yana so ma ba dama, don doka ta hana ɗan Masar caca a wurin, sai dai ya shiga ya yi wa masu fasfon waje hidima, ya ce musu ranku ya daɗe, ya kwashe musu kuɗi cikin ladabi. Aikin da ya iya ke nan. In aka raba shi da shi, ko dafaffen wake a bakin titi bai san ta inda ake fara sayarwa ba.

Ga shi aikin ya fara rawa. Manyan baƙin da a da ke zuwa daga Kuwait da Jidda su cika zaure, yanzu da yawansu suna kwance a ɗakunansu na sama, waya a kan tumbi, suna caca da wata yarinya mai raba karta a wata ƙasa can. An rufe tebura, ana sallamar tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya rage ya san dalili kawai ake nema.

Ana cikin haka Medhat, ƙanin matarsa Nawal, ya dawo daga Italiya da jaka ɗaya da fasfon Turawa, ya sauka a gidansu na unguwar Shubra.

"Yaya, har yanzu kana nan kana yi wa silin tafi?" in ji Medhat ran Juma'a, suna cin kushari, dafa-dukar shinkafa da taliya. Yana nufin yadda mai raba karta ke tafa hannu ya nuna wa kyamarar da ke maƙale a silin tafinsa kafin ya bar tebur.

"Ni dai ina tafawa ana biyana. Kai da ka tafi wanke wa Turawa kwano, ina matar? Ina gidan?"

"Matar ta bi gidan, gidan ya bi waya."

Medhat ba ƙaramin ɗan caca ba ne. A wasan ashirin da ɗaya yana riƙe lissafin duk kartar da ta fita a ka. In ƙanana sun fita da yawa, manya suka taru a akwatin da ake rabo daga cikinsa, sai ya ɗaga kuɗin da yake zubawa, ya ci kuɗin gidan cacar. Ba sata ba ce, amma babu gidan caca da ke son ganin mai yin ta. A zamaninsa fuskarsa kamar ta gunki take, yana hira da na kusa da shi, yana yi wa mai kawo shayi ba'a, lissafi na tafiya a ciki. Duk da haka aka gane shi, aka yi ta korarsa gida bayan gida, har ya koma cacar waya, tunda waya ba ta korar kowa. Sai dai a can yarinyar kan tsaya a tsakiyar akwati ta sake gauraya karta, lissafi bai taɓa nuna ba. Shekaru yana zaune shi kaɗai a ɗaki yana ƙirga abin da ba ya ƙirguwa, har komai ya tafi.

Da Nawal ta shiga kicin, ya matso da kujera.

"Yaya, ban ce ka yi sata ba. Jan katin nan kawai."

Wagdi ya gane. Bayan an gauraya karta, mai rabawa kan soka wani jan katin roba a cikinta, in rabo ya iso kansa a tsaya a sake gaurayawa. Dokar gida ita ce a bar kashi ɗaya cikin uku a bayansa, amma da ido ake aunawa, hannun mai rabawa ne ma'auni. Gwargwadon yadda ya tura katin baya, gwargwadon yadda mai lissafi zai san abin da ya rage.

"Faɗin yatsa biyu," in ji Medhat. "Zama ɗaya, da rana, lokacin da zaure ba kowa. Nan ba su san fuskata ba. In samu na sayen motar haya, wallahi ko kartar yara ba zan sake taɓawa ba."

"Ka san doka ba ta yarda in raba wa ɗan'uwa ba ko?"

"Wa ya san ni ɗan'uwanka ne? Dubi hancinka, dubi nawa."

Wagdi ya ƙi. Amma da yamma Nawal ta same shi yana goge takalmi, ta tsaya a kansa.

"Maigida, uwarmu da bakinta ta bar min amanar yaron nan."

"Yaro? Mai furfura a gemu?"

"Ya shiryu fa. In na wuce ƙofarsa ina jin sa yana ta wuridi ƙasa-ƙasa."

"In aka kore ni, wuridin za mu ci?"

Ta juya ta tafi. Ta kwana biyu tana ajiye masa abinci ba ta kallonsa. Wagdi mutum ne da zai iya jure zagin attajiri mai maye daga safe har yamma, amma bai iya jure shirun gidansa ba. Ya ce da Medhat ya zo ran Talata bayan azahar.

Zauren ba taga, rana da dare duk ɗaya ne a ciki, sai ƙanshin turare da tsohon hayaƙin taba. Mutum ɗaya ne a teburin Wagdi, wani dattijo ɗan Kuwait, Abu Fahad, wanda ke zuwa don ya sami wanda zai yi wa surutu. Madam Ilham, shugabar zaure, tana can nesa tana hira da mai canjin kuɗi. Medhat ya shigo cikin kwat, ya zauna kamar bai taɓa ganin Wagdi ba, ya canza dalolinsa zuwa ƙwandalolin roba.

Wagdi ya gauraya karta, ya ɗauki jan kati. Hannunsa ya nufi inda ya saba da kansa, sai da ya matsa masa kafin ya wuce baya.

Akwatin farko ya wuce lafiya. Medhat na zuba kaɗan-kaɗan, yana yaba agogon Abu Fahad. Hankalin Wagdi ya fara kwanciya. A na biyu ƙananan karta suka yi ta zubowa, Medhat ya daina hira, ya tura ƙwandaloli tuli guda, ya ci. Ya sake turawa, ya sake ci. Wagdi ya ɗaga ido don ya biya shi, sai idonsa ya sauka a kan bakinsa.

Leɓen Medhat na motsi. Duk kartar da ta sauka, sai leɓen ya motsa, har da ɗan sauti, "uku... huɗu... uku." Wuridin da Nawal ke ji ke nan. Shekarun da ya yi shi kaɗai da waya, ba mai kallonsa, sun koya masa ƙirga da baki, bai ma san yana yi ba.

Wagdi ya yi gyaran murya. Ya buga karta da ƙarfi a gabansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo maka ruwa? Bakinka kamar ya bushe." Medhat ya kaɗa hannu ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan tebur, leɓe na ta aiki.

A gidan, mai rabawa in ya ga mai lissafi, maɓallin wuyan rigarsa yake taɓawa, na ɗakin kyamara su gani. In ya taɓa, ya kashe ƙanin matarsa. In bai taɓa ba, duk wanda ya duba hoton zai tambayi yadda aka yi tsohon hannu kamarsa bai ga abin da makaho ma zai ji ba. Ya ce a ransa bari wannan akwati ya ƙare, sai ya soka katin a tsakiya, Medhat zai gane ya tashi. Amma akwatin ya ƙi ƙarewa, tunda shi da kansa ya tura katin can baya.

Abu Fahad ne ya fasa ƙwan. Ya juyo ya ƙura wa Medhat ido, ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Kai, ɗan Italiya! Wane waliyyi kake kira haka? Faɗa min sunansa ni ma in kira, tun ɗazu ake yankana!"

Muryarsa ta cika zaure. Madam Ilham ta waiwayo. Hannun Wagdi ya tashi ya taɓa maɓalli.

Ba a yi hayaniya ba. Mutum biyu masu baƙar kwat suka zo, ɗaya ya sunkuya ya ce, "Ranka ya daɗe, wasanka ya fi ƙarfinmu." Aka canza masa ƙwandalolinsa, aka ɗauki hotonsa, aka raka shi ƙofa. Da zai tashi ya dubi wuyan rigar Wagdi, don ya san alamar.

Wagdi ya ci gaba da raba wa Abu Fahad har aka zo canzarsa, yana jin kamar ya tsira. A hanyar ɗakin hutu aka ce Madam na kira.

Ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Ga hannunsa daga sama, ga jan kati.

"Kawu Wagdi, kai ka koya min rabon karta a gidan nan. Tun ina yarinya kake soka katin nan wuri ɗaya kamar da awo. Yau me ya sami hannun?"

"Tsufa, Madam."

"Tsufan da ya san ranar zuwa, ya san tebur?" Ta cire tabarau ta ajiye. "Na ɗakin kyamara sun ga bakin mutumin tun kafin ya fara ci. Ba shi suke kallo ba, kai suke jira. Da ka taɓa maɓallin a lokacin, wallahi da na tsaya maka, in ce hannu ne ya zame. Sai da Abu Fahad ya yi shela?"

"'Yata, ki dubi shekarun da na..."

"Su na duba, shi ya sa ban tambaye ka mene ne shi a wurinka ba. In na tambaya, maganar ta bar hannuna. Ka ajiye aiki da kanka. Sauran gidajen za su ji, wannan ba ni da iko a kai."

Ya mayar da riga da maɓallinta, ya fito ta ƙofar ma'aikata. Hasken la'asar ya kashe masa ido. Medhat na zaune a kan benci a bakin kogi, kwat a kafaɗa, kai a sunkuye kan waya.

"Ka sayar da ni, Yaya," ya ce, bai ɗago ba.

"Bakinka ya sayar da mu. Ƙirga kake da ƙarfi kamar ɗan firamare."

"Ni? Ni Medhat? Turai kaf ba wanda ya taɓa karanta fuskata."

"An kore ni."

Sai a nan ya ɗago. Wagdi ya zauna a ƙarshen bencin, bai san abin da zai je ya ce wa Nawal ba.

"Ina abin da ka ci? Ko shi ka kai mata."

"Na ɗan zuba a cacar wayar nan. Saura ƙiris ya juyo, sai suka rufe min shafi, wai sai sun yi bincike." Ya matso. "Yaya, katin ɗan ƙasarka na jikinka? In aka buɗe shafi da sabon suna, suna ba da kyautar shiga, ninki biyu. Kai yanzu ai ba mai hana ka."

Wagdi ya daɗe yana kallon ruwa. Wani jirgin ruwa na 'yan biki ya wuce da kiɗa, mata na guɗa. Ya ciro katin ya ajiye a kan benci tsakaninsu.

"Juyo nan," in ji Medhat, ya ɗaga wayar saitin fuskarsa. "Sai sun ga mai katin. Ɗan saki fuska mana."