Baraka da Maganin Gwaji

Baraka mai abinci ce a bakin aikin hanyar ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Tun da aka fara haƙa magudanun da za su kawo ruwan Tiga gonaki, ita ke dafa wa leburori shinkafa da wake, kuma ba wanda ya kai ta barkwanci a wurin. Ana nan sai ta fara rama, ga kasala, ga wani abu mai tauri ya taso mata a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Mijinta Dalhatu ya zagaya da ita wurin masu magani har ya gaji, sannan ya kai ta babban asibiti a Zariya. Can aka ce ciwon daji ne na jini, abin da ya taso kuma saifarta ce ta kumbura.

Aka ɗora ta a kan wata ƙwaya. Maganin ya karɓe ta, kumburin ya saɓe, ta koma bakin tukunyarta. Amma da shekara ta zagayo sai sauƙin ya tsaya. Tana shan ƙwayar, saifa na ƙara tasowa.

Ranar da suka koma a duba ta, Likita Lukmanu, wani saurayi mai magana a hankali, ya jawo kujera ya zauna kusa da su.

"Iya, maganin nan ya daina yi miki aiki kamar da," in ji shi. "Akwai wani haɗi da muke gwadawa, mu da likitocin wasu asibitoci. Wanda ya yarda ya shiga, ƙuri'a ake yi. Wasu a ba su sabon haɗin, wasu a ci gaba da ba su na da, a riƙa duba su sosai, don a gane wanda ya fi."

Dalhatu ya murtuke fuska. "Likita, gwaji? A jikin mutum?"

"A jikin mutum, Baba, amma sai da yardarsa. In ta ƙi, ba abin da zai rage a kulawar da muke yi mata. In ta shiga kuma ta ga ba za ta iya ba, ta fita duk ranar da ta so."

Baraka ta dube shi. "To ɗan nan, zai warkar da ni?"

"Ban sani ba, Iya. Da na sani, da ba gwaji ba ne. Abin da na sani, yana sa amai, yana zubar da gashi, kuma sai kin kwanta a nan an riƙa duba jininki. Ku je gida ku yi shawara."

Suka hau mota suka kamo hanya. Da suka isa gida Dalhatu ya ce shi dai ransa bai kwanta ba. Baraka ta ce a kira mata yayanta Malam Ahmadu, wanda ke da makarantar allo a Bunkure. Washegari da hantsi ya zo a kan kekensa, ya zauna a kan tabarma, ya saurari kowa.

"Neman magani ba laifi ba ne," in ji Malam. "Tun da likitan bai rufe ku ba, ya faɗi amfanin ya faɗi wahalar, saura ga mai jikin. Ke me kika gani?"

"Yaya, duk wanda Malam Dalhatu ya kai ni wurinsa, cewa yake ya san ciwon, ya san maganinsa. Yaron nan ne kaɗai ya dubi idona ya ce bai sani ba. Ni kuwa na fi yarda da shi. Ko ban samu sauƙi ba, wata bayana za ta samu."

Dalhatu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ni tsoro nake ji, Baraka."

"Ni ma ina ji," ta ce, ta yi dariya. "Sai mu haɗa shi mu tafi da shi Zariya."

Malam ya ce su yi istihara. Suka yi, hankalinsu ya kwanta. Ta bar wa 'yarta Adama tukwane, ƙanwarta Tambaya ta bi ta jinya.

Ƙuri'a ta ba ta sabon haɗin. Ta sha wuya, ba ƙarya. Ta yi amai har ta ƙi jinin warin abinci, ita da ta ƙare rayuwarta a bakin murhu. Da gashinta ya fara zubewa Tambaya ta fashe da kuka, sai Baraka ta ce mata, "Ke share hawayenki, ai na huta da zaman kitso." Matan ɗakin suka kwashe da dariya, har wata nas ta leƙo ta ga abin da ya faru. Da ta ɗan ji ƙarfi, ta aika wa masu dafa abincin asibiti cewa su rage ruwa a miya, don Allah.

Wata safiya Likita Lukmanu ya danna cikinta, ya sake dannawa, ya kira abokin aikinsa shi ma ya taɓa.

"Iya, saifar ta koma wurinta. Jininki ma ya gyaru ƙwarai."

"Na warke ke nan?"

"A'a, ciwon ya kwanta ne. Za ki riƙa zuwa muna dubawa. Amma kin samu sauƙin da mu ma ba mu zata ba."

Tambaya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Dalhatu, wanda ya zo dubiya da ƙullin tumatir, ya rasa abin yi, sai ya miƙa wa likita tumatirin gaba ɗaya, yana ta "Alhamdu lillahi."

Da suka dawo gida mutane suka yi ta zuwa barka, har leburori da mai tuƙa motar haƙa. Baraka na zaune a tsakar gida da ɗankwali ɗaure tam, tana ba su labarin Zariya, tana kwaikwayon tafiyar kowace nas.

Ranar kasuwar Bunkure ta ce ita ma za ta je. Dalhatu ya ce bari ya aro keken Malam Ahmadu ya goya ta. Ta ce a'a, da ƙafarta. Suka bi gefen gonaki, alkama ta yi kore shar a tsakiyar rani, tana gaba yana biye, yana cewa ta yi a hankali. A kasuwa ta zaɓi atamfa mai ruwan goro da 'yan kunne, ta sayi rake ta tsaya tana sha a inuwar rumfa.

"Yanzu sai gida ko?" in ji Dalhatu, yana share gumi.

"Wane gida, Malam? Ban ga 'yan tukwane ba tukuna. Zauna ka huta, in na gama zan zo in ɗauke ka."