Akwatin Ƙarshe na Maccido Kafinta

Malam Attahiru ya yi shekara talatin da biyu a ofis yana gyara wa na ƙasa da shi takardu da jan biro, kuma har ya yi ritaya bai taɓa yarda akwai takardar da ta zo gabansa ba kuskure ba. Da ya dawo gida ya zauna, sai ya rasa abin gyarawa, ya koma gyaran mutanen Illela da ido. 'Yan kasuwa a wurinsa jakunan kaya ne masu hula. Direbobin da ke tsallaka iyaka zuwa Ƙonni kuwa, ko gaisuwarsu da hanci yake amsawa.

Abu ɗaya ne ya haɗa shi da irin waɗannan mutane, wato akwatunan Maccido. Maccido tsohon kafinta ne a Gidan Katta. Ban da ƙofa da kujera, yana ƙera wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu biyu ba, tare da guntayen itace masu lanƙwasa da kusurwa, wani kamar ƙugiya, wani kamar matakala. Aikinka shi ne ka jera su duka a ciki har murfi ya zame ya rufe, kuma hanya ɗaya ce tak. Maccido ba ya sayar da su. Yakan zube guntayen a jakar tsumma ya ba ka kwana bakwai. In ka dawo da akwati a rufe ya zama naka, in ka kasa ka mayar a ba na bayanka.

Attahiru na da goma sha tara a kabad mai gilashi a falonsa, kowanne da 'yar takarda manne a jiki, an rubuta ranar da ya karɓa da ranar da ya rufe. Baƙo ko ruwa bai sha ba za a kai shi gaban gilashin nan a yi masa lacca. Abin da ke ci masa rai shi ne Lawwali, shugaban masu lodin albasa a tasha, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa sai ya dangwala yatsa, amma yana da goma sha huɗu. Ba ma wannan ba, a cikin buhu yake tara su ƙarƙashin gado. Attahiru yakan ce ai ba basira ba ce, sabo ne da cushe-cushe, duk wanda ya shekara ashirin yana danna buhu a bayan mota dole hannunsa ya yi sa'a wata rana.

Sai labari ya zo cewa yanar ido ta kusa makantar da Maccido, kuma ya gama akwatinsa na ƙarshe. Da itacen kanya ya yi shi, guntaye goma sha ɗaya, wata huɗu yana yi, rabin aikin da lalube. Attahiru bai jira an kira shi ba. Ya sa babbar riga ya hau ɗan kabu-kabu har Gidan Katta, ya tuna wa tsohon cewa shi ne ya fi kowa yawan akwatuna, saboda haka shi ya kamata ya fara. Maccido bai yi musu ba. Ya miƙa masa jakar, ya ce in kwana bakwai sun cika bai rufu ba, Lawwali ne a layi.

Wannan magana ita ta hana shi sakat. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya hana kowa wucewa ta gabansa, ya ɗauko takarda ya zana kowane guntu ya ba shi lamba. Kwana uku yana juya itace. Tara su shiga, biyu su tsaya suna kallonsa. Matarsa Hadijatu, wadda ta gaji da ɗumama abinci sau biyu, ta ce masa in ya gagara ai ba zunubi ba ne ya mayar wa mai shi. Ya yi mata kallon da ya saba yi wa masinja, ya ce ta tsaya a kan abin da ta sani.

Ran na biyar bayan la'asar ya samu wani jeri da goma suka shiga lafiya lau, na sha ɗayan ma ya shiga, sai dai bakinsa ya ɗago da kaurin farce. Murfi ya zo nan ya cije. Ya danna da babban yatsa, ya danna da gindin cokali, ko gezau. Mai hankali da ya zube ya sake daga farko, don kusa da daidai a wannan wasa ba ta da bambanci da nesa. Amma Attahiru ya zauna ya yi nazari irin nasa, ya kuma kai ga hukunci irin nasa. Shi dai bai yi kuskure ba. Makaho ne ya yanka itacen, da lalube, ga tsufa, to ina mamaki in ya bar kaurin farce a inda bai kamata ba? Har tausayin Maccido ya ji. Ya ga ai rufa wa tsoho asiri zai yi, kada aikinsa na ƙarshe ya fita duniya da aibi, balle ya faɗa hannun mai lodin albasa da ba zai ma gane akwai aibin ba.

Ya samo sabuwar reza, ya kankare bakin guntun a hankali, kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har murfi ya zame ya rufe. Wurin da ya kankare ya yi fari, sai ya shafa masa man kaɗe ya goge da tsumma har launin ya saje. Da ya gama ko kunya bai ji ba, daɗi ya ji, irin na mutumin da ya gama aikin alheri.

Ran na bakwai ya iske rumfar Maccido da mutane. Lawwali na zaune a kan benci da rigarsa mai warin albasa, ya zo karɓar jaka in ta dawo. Attahiru ya gaida shi da kai kawai, ya ɗora akwati a cinyar tsohon, a rufe ruf, ya ja da baya yana gyara hannun riga.

Maccido ya shafa murfin, ya shafa kusurwoyi huɗu. Sannan ya ɗaga akwatin kusa da kunnensa ya girgiza. Wani ɗan sauti ya fito, ƙas-ƙas, ƙarami ƙwarai, amma duk rumfar an ji. Tsohon ya sake girgizawa. Ya zare murfi, ya zube guntayen a kan rigarsa, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya yana bi da yatsa, har ya zo kan na sha ɗaya ya tsaya. Ya kai shi hanci ya shinshina.

"Wanga icce ba haka nib bar shi ba," in ji shi. "Mallam Attahiru, mi kay yi mai?"

Attahiru ya fara bayani da muryar ofis, cewa an samu ɗan kuskuren awo, shi kuma ya ga bai dace ba a bar shi haka. Maccido ya mayar da guntun cikin 'yan'uwansa. Ya tura guntayen wajen Lawwali ya ce ya gwada. Lawwali ya durƙusa, ya ɗauki lokaci, ya zube sau uku, gumi na ɗiga a haɓarsa. A na huɗu ya kwantar da guntu mai ƙugiya a ƙasa, wanda Attahiru ya kwana biyar yana tsayarwa a gefe, sai sauran suka bi juna suka zauna. Na sha ɗayan ya faɗa gurbinsa ba gardama, da ɗan rami a bakinsa daidai kaurin farce, kowa ya leƙa ya gani.

Lawwali ya rufe ya mayar wa tsohon, ya ce, "Baba, ni ba ni son shi hakanan."

Maccido ya riƙe akwatin a hannu. Kowa ya san ba shi da idon da zai sake yanka wani guntu. Can ya miƙa hannu wajen da ya ji numfashin Attahiru.

"Kai ka kawo shi ruhe. Naka na. Tahi da shi."

Babu wanda ya yi dariya, kuma Attahiru ya fi son a ce sun yi. Ya karɓa ya zura a aljihun babbar riga, ya yi sallama ba wanda ya amsa da ƙarfi. Daga rumfar zuwa bakin titi tafiya ce mai ɗan nisa, kuma duk takun da ya yi akwatin sai ya yi ƙas a aljihunsa. Ya rage sauri, bai daina ba. Ya dafe aljihun da hannu ya ci gaba da tafiya, yana jin ƙarar a cikin tafinsa.