Kwalabe Goma Sha Tara Daga Tungar Bagaruwa

A cikin ƙauyuka goma sha huɗu na bakin kogin Isa da jami'a ta zaɓa don binciken cutar tsargiya, ɗaya ne ya fita daban. A sauran goma sha ukun, cikin kowaɗanne mata goma da aka auna fitsarinsu, ana samun ƙwan tsutsar cutar a biyar ko shida. A Tungar Bagaruwa an auna mata goma sha tara, ba a ga ko ƙwai ɗaya ba.

Nuriya Adamu ce ta duba su da idonta. Likita ce mai shirin digirinta na ƙarshe. Wata uku ke nan da aka turo ta daga Yamai, aka ba ta ɗaki ɗaya a bayan wani asibiti a Gaya, da madubin duba ƙwayoyin cuta, da ma'aikata biyu, Sumana da Bibata, masu zagaya ƙauyuka a kan moto, wato babur, suna karɓo kwalaben fitsari. Dalilin aikin a fili yake. Matan da ke dashen shinkafa da wanki a ruwan kogi suna ɗaukar cutar, amma maganin da ake rabawa kowace shekara a lakwal yake tsayawa, wurin yara 'yan makaranta. Duk ƙauyen da binciken ya nuna akwai cuta, sunansa zai shiga jerin da za a aika Doso, motar magani ta je masa kafin damina. Wanda ya fito lafiya kuwa za a cire shi. Ranar Juma'a jerin zai tafi.

Ranar Talata da yamma malaminta, Farfesa Alassan, ya kira ta.

"Na ga lambobin tungar nan. Ba ita ce aka haƙa wa foraj, rijiyar burtsatse, shekara biyu da suka wuce ba?"

"Ita ce, Farfesa."

"To, Nuriya, kin samu babi na huɗu na kundin digirinki. Ruwa mai tsabta ya zo, mata sun bar kogi, cuta ta tafi. Mutane suna shekara biyar suna neman irin wannan ba su samu ba. Ki rubuta shi da kyau, zan kai shi taron Disamba da sunanki a gaba."

Ta yi godiya. Ta ji daɗi, kuma ta kwana da daɗin.

Da safe ta zauna kwafe sakamako. Kafin a tace kowane fitsari akan tsoma masa wani ɗan tsinken takarda mai canza launi, wanda ke nuna jini, yana kuma nuna sukari. Jini shi ne abin da binciken yake nema, layin sukari kuwa ana cike shi ne kawai don yana cikin rajista. Da ta kai shafin Tungar Bagaruwa, sai alƙalaminta ya tsaya. Layin jini babu komai daga sama har ƙasa. Layin sukari kuwa alama biyu-biyu ne a gaban kowane suna, daga mai shekara goma sha bakwai har mai hamsin da biyu. Ta juya shafukan sauran ƙauyukan. A cikin mata fiye da ɗari uku, bakwai ne masu sukari.

Ta aika a kira Sumana, wanda ya karɓo kwalaben tungar. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, tsohon malamin lakwal, ba ya makara, ba a taɓa samun kuskure a takardunsa ba.

"Malam Sumana, kwalaben Tungar Bagaruwa, hannu da hannu matan suka ba ka?"

"A kwando aka kawo mini su, Madam. Ƙofar gidan Maigari."

"Wa ya kawo?"

"Tsohuwa Tani. Kwana uku tana kawowa, shida, shida, bakwai."

"Amma ka san ƙa'ida. Kana kiran suna, mace ta miƙo, ka sa alama."

Ya dubi ƙasa, ya gyara zaman hularsa. "Madam, can nake aure. Sunan farko a takardar na uwar matata ne."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki jakarta ta ce su tafi.

Tafiyar minti arba'in ce a moto. Suka wuce mashigar da jiragen ruwa ke ɗaukar fasinjan Malanbil, suka bar kwalta, suka bi gefen fadama. A bakin tungar foraj ɗin yana aiki, an jera masa bidon rawaya, jarkokin ɗiban ruwa, fiye da ashirin. Bayansa kaɗan, mata ne a cikin shinkafa, ruwa har gwiwa, sun sunkuya suna dashe. Nuriya ta ƙirga goma sha ɗaya kafin moto ya wuce su.

Suka gaida Maigari, ya sa aka kai su wurin Tani. Tun daga nesa Sumana ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Wata mata da ke daka ta hango shi, ta ajiye taɓarya, ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Tani tana zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ga ƙwaryar ruwa a gefe, ga buta. Ta haura saba'in, ba ta cikin waɗanda aka rubuta don bincike. Kakar matar Sumana ce, don haka ita kaɗai ce a gidan da ke da bakin wasa da shi.

"Fofo, sannu da zuwa, angona! Yau ma hannu biyu ka zo mini? Ko goro babu? Wannan kuma wace ce ka kwaso, sabuwar amarya?"

"Lokotoro ce, Kaka. Shugabata ce a wurin aiki."

"Mace ke juya ka a gida, mace ke juya ka a waje. Allah ya kyauta. Zauna, 'yar nan."

Nuriya ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gida da jiki da zafin rana. Da aka gama gaisuwa ta ce, "Kaka, kwalaben nan da kika kai wa Malam Sumana, su wa suka cika su?"

"Akwai wadda ba ta cika ba?"

"Duk sun cika."

"To me ya rage?"

"Ina so in san na wa ne."

Tani ta yi dariya har ta dafa ƙasa. "Nawa ne mana. Na wa kike so ya zama? Ke 'yar Hausa ce, ba sai an karanta miki ba. Wannan mai dogon wuyan ya zauna ƙofar Maigari da takarda, wai zai kira Adama da sunanta, Adama da ta haifa masa mata, ta fito ta miƙa masa abin nan da ɗuminsa. Daga ita sai yayyenta, sai matan kawunnan yarinyar. Duk tungar nan gida ɗaya ne. Ƙananan sun ce su ba ruwansu, za su bayar. Uwayensu suka ce ba wadda za ta fita. Ga shi Maigari ya riga ya amsa wa gwamnati. Aka rasa yadda za a yi. Na ce ku kawo, ni ba kunya tsakanina da shi, mijina ne."

Sumana yana tsugune nesa da tabarma, yana zanen ƙasa da tsinke.

"Kwalba goma sha tara, Kaka, ke kaɗai?"

"Ko hamsin ne. Abin da ke hana ni barci ke nan. In sha, in fita, in sha, in fita. Shekara biyu ke nan. Ranar dai ya yi amfani."

"Ƙishirwa fa?"

"Kin ga ƙwaryar nan? Cikawa ta huɗu ke nan tun safe."

Nuriya ta rubuta wannan a gefen littafinta. Sannan ta yi wa tsohuwar bayani a hankali: fitsarinta ba shi da tsutsa, domin ta daɗe ba ta shiga kogi ba, kuma saboda haka takarda ta nuna matan tungar duka lafiyarsu lau. Jibi za a cire sunan garin, motar magani ba za ta zo ba.

Tani ta daina dariya. "Mu mun ɗauka ƙirga ake yi. A ga kowa ya bayar, a rubuta."

"Dubawa ake yi, ɗaya bayan ɗaya."

"To ai kuwa akwai masu jini. Ban faɗi suna ba."

Nuriya ta koma gindin wata bishiya inda waya ke kamawa. Ta tsaya da wayar a hannu na ɗan lokaci. Layin sukari ba ya cikin abin da ake aikawa Yamai, kuma ban da ita ba wanda ya karanta shi. Duk da haka ta kira malaminta.

Farfesa Alassan ya saurara har ta gama bai katse ta ba.

"Kin san babin ya tafi ke nan," ya ce.

"Na sani."

"Foraj ɗin fa?"

"Suna sha daga gare shi. Amma shinkafa ba a foraj ake dasa ta ba. Na gan su a ruwa yanzu."

Ta ji yana juya takarda. "Ba zan iya riƙe jerin ya wuce Juma'a ba. Kuma ba zan sa gari a ciki don labarin wata tsohuwa ba. Ki kawo mini lambobi."

"Gobe da yamma, in sha Allahu."

Kafin su bar tungar ta nemi ganin Adama. Sai da Sumana ya tura motonsa har bayan foraj sannan matar ta fito. Doguwa ce, ƙafafunta sun yi fari-fari da laka. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ce za su bayar, amma da sharaɗi uku. Kada surukinta ya taka garin gobe. Kada a rubuta suna a jikin kwalba. Kuma kada a ɗora akwatin kwalaben a kan motonsa.

"Lamba kawai za a sa," in ji Nuriya. "Takardar sunaye tana jakata."

"Wa ke leƙawa cikin madubin?"

"Ni."

"Shi ba ya shiga ɗakin?"

"Gobe ba zai shiga ba."

Adama ta gyaɗa kai. Ta dubi wajen turminta, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Idan mutum ya daɗe da shi, kamar shekara goma, maganin yana ji?"

"Yana kashe tsutsar. Abin da ta riga ta ɓata kuma sai an duba. Akwai mace cikin masu zuwa da motar."

Ranar Alhamis Nuriya ta dawo tare da Bibata. Sun fara ƙarfe goma, domin tsakanin hantsi da azahar ne ƙwan ya fi fita. Matan suka riƙa hawowa daga fadama biyu-biyu, kowace ta karɓi kwalba ta zagaya bayan zana, ta dawo ta sa a akwati da hannunta. Tani ta sa aka jawo mata tabarma kusa, tana yi wa kowace tsiya, tana cewa yau sai su ji abin da ta ji. Nuriya ta soki yatsanta ta auna sukarin jininta. Na'urar ta nuna abin da ya ninka na mai lafiya sau uku. Ta rubuta mata takardar zuwa asibiti, ta ba Maigari, ya ce ɗansa zai kai ta ranar kasuwa.

Ƙarfe uku suka iso Gaya. Bibata tana tacewa, Nuriya tana dubawa. Kwalba ta farko babu komai. Ta biyu ƙwai takwas. A ta uku ta daina ƙirga a hamsin, yadda ƙa'ida ta ce. Kafin magariba sun gama. Goma sha uku cikin goma sha tara suna da cutar, huɗu da yawa ƙwarai. Tungar Bagaruwa ta zama ta biyu a tsanani cikin ƙauyuka goma sha huɗun.

Ta aika lambobin. Amsar Farfesa ta zo a layi biyu: ya sa garin a jeri, kuma ta rubuta yadda abin ya faru, shafi ɗaya, a haɗa da bayanin hanyar aiki don masu zuwa bayanta.

Ranar Juma'a da safe tana wanke gilasai sai Sumana ya yi sallama. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Madam, laifina ne. Da na faɗa tun farko."

"Da ni ma na tambaya. An wuce wurin."

"An ce jerin ya tafi."

"Ya tafi. Ƙauyuka goma sha huɗu."

Ya ɗan tsaya yana murza makullin moto. "Ta gidanmu fa? Babbar, surukata. Matata ce ta ce in tambaya."

"Ba zan iya gaya maka ba, Malam Sumana. Na kowa nasa ne."

"Haka ne." Kamar ya ji sauƙi. "Amma motar za ta je?"

"Sha biyu ga watan gobe."

Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta ranar. Sannan ya roƙi alfarma ɗaya, wai idan ranar ta zo a tura shi Bengu, ko wani wuri mai nisa. Nuriya ta ce za ta tura shi.