Hannun Malachy

Ranar Asabar da safe muka bar Dublin mu uku a tsohuwar motar Grainne, muka nufi yamma. Abokinmu Fiachra zai tashi zuwa Ostiraliya cikin mako, wai yawon ban kwana ne muke yi masa. Ni kuwa da nawa nufin: sai na kai shi gaban mahaifinsa, Malachy. Tun ranar da Fiachra ya ce ba zai gaji kiwon tumaki ba, tsohon ya daina ɗaukar wayarsa.

Duk ƙauyen da muka tsaya labarin ɗaya ne. Makaranta da gidan waya an rufe su tuni don matasa sun watse, mashaya kaɗai ke buɗe, tsofaffi a jere kowa na kallon kofinsa.

"Ku dube su!" na ce a mashaya ta biyu. "Ana kwashe musu 'ya'ya, su kuwa suna zaune suna jiran kumfar giya ta kwanta."

"Nuala, don Allah," in ji Grainne, "bari mu gama cin dankalin nan kafin ki kafa gwamnati."

"Ai ta kafa tuni," in ji Fiachra. "Ni ne ministan da ya gudu."

Washegari muka shiga Connemara, yankin su Fiachra. Ruwan sama ya ɗauke, haske ya zubo a kan duwatsu har suna ƙyalli, teku na leƙowa ta kowane lungu, katangun dutse sun hau tudu sun sauka babu ko siminti. Fiachra ya manna goshi a gilashin mota, bai ƙara barkwanci ba.

Da rana tsaka muka isa ƙauyensu. Mutane sun fito daga coci sun cika mashaya, Malachy na zaune gefen murhu. Ya ɗago ya dubi ɗansa.

"An zo," ya ce, ya mai da ido kan wuta.

Tun daga hanya na shirya abin da zan faɗa masa, cewa fushi da yaro ba zai buɗe makaranta ba. Na miƙe ke nan, sai mai mashayar ta ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Shiru! Malachy, ka ba mu waƙa ɗaya."

Tsohon ya ja hula ta rufe masa ido, ya juya fuska ga bango, ya miƙo hannun dama. A yankin nan mawaƙi ba ya rera waƙa shi kaɗai, dole wani na kusa ya riƙe masa hannu yana juya shi a hankali har waƙar ta kai ƙarshe. Maƙwabcinsa Colie, wanda ya saba riƙe masa, ya matso. Malachy ya janye hannun. Ya sake miƙo hannun, wannan karon wajen teburinmu.

Ya fara waƙar a tsohon harshenmu, babu kiɗa. Waƙar wani masunci ce da yake tsaye a bakin gaɓa yana kallon jirgin da ya ɗauke ɗansa. Muryar ta hau, ta yi rawa, ta nemi tsinkewa. Hannun yana rataye a iska, babu wanda ya motsa.

Grainne ta taka ƙafar Fiachra. "Tashi mana, sakarai," ta raɗa.

Ya tashi. Ya kama hannun da hannu biyu, ya fara juyawa. Nan take muryar ta daidaita, ta cika ɗakin har na ji ta a ƙirjina. Wani dattijo ya ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka, Malachy."

Waƙar ta ƙare, tsohon bai saki ba.

"Kana juya hannu kamar mai tayar da tsohuwar tarakta," ya ce.

"Kai ka koya mini, Baba."

"Za ka riƙa kira ranar Lahadi?"

"In za ka ɗauka."

"In tumaki sun bar ni." Ya ja masa kujera da ƙafa. "Zauna. Ita kuma 'yar nan da ta miƙe tsaye, me take son faɗa ne?"

"Maganar makarantarku da aka rufe ce, Baba Malachy," na ce. "Tana nan, ban janye ba. Amma a fara ba ni shayi."